Masu Raina Macijin Kusugu, Ku Zo Mu Zaga Duniya

Akwai wata irin dariya da ake koyowa a jami'a ba tare da an biya mata ko sisi ba. Da zarar an ambaci Bayajidda, sai ka ga ɗan boko ya gyara zaman tabarau, ya karkace baki, ya ce, "Haba Malam, a wannan zamanin?" Wai ta yaya maciji ɗaya zai hana gari guda ɗiban ruwa sai ranar Juma'a? Ina mazan Daura suka shige? Me ya hana su haƙa wata rijiyar? Yallaɓai, tambayoyinka sun yi kyau, Allah ya ƙara basira. Amma tunda ka ce mu kaɗai muka rage a duniya muna rungume da tatsuniya, saka takalminka mu leƙa gidajen waɗanda kake ganin sun waye.

Mu fara da ƙasar Girka, inda kuke cewa can aka yanke wa hankali cibiya. Suna da wani gwarzo, Kadmus, baƙo ne daga birnin Taya da ke gaɓar tekun Labanan ta yau. Ya fito neman 'yar'uwarsa da aka sace, bai same ta ba, sai aka ce masa ya bi wata saniya, inda ta kwanta nan zai kafa gari. Saniya ta kwanta, ya aiki mutanensa ɗebo ruwa a wani marmaro, ashe maciji ke gadin ruwan, ya halaka su. Kadmus ya kashe macijin, ya kafa birnin Tibis, ya yi sarauta, ya yi aure. Baƙo daga gabas, ga ruwa, ga maciji, ga gadon sarauta. Ka ji ƙamshin tuwon gida? Sai dai namu ya fi nasu kunya, don shi Kadmus har haƙoran macijin ya shuka, mayaƙa suka tsiro da makamansu, suka yi ta saran juna har saura biyar, kuma daga biyar ɗin nan manyan gidajen Tibis suka ce sun fito. Wannan ka karanta shi ka kira shi adabi. Na Daura kuwa ka ce shirme.

Ka ce ai Girkawa na da ne? To, ga Ingila. Jan gicciyen da ke tutarsu, wanda kake gani duk ranar da 'yan ƙwallonsu suka shiga fili, na waliyyinsu Joj ne. Aikin da ya yi suna a kai shi ne kashe wani dodo da ya tare a tafkin da ke bakin wani gari, ana ba shi tumaki, da tumaki suka yi ƙaranci aka koma ba shi mutane, har ƙuri'a ta faɗa kan 'yar sarki. A ina abin ya faru? A Libiya, in ji littattafansu. Ka ga ko dodon ma a nahiyarmu suka aro shi. Ba su tsaya nan ba. Wajen shekarar 1136 wani malamin coci, Jefri na Monmos, ya rubuta cewa wanda ya kafa Birtaniya wani Burutus ne, tsatson mutanen birnin Taroyi, wanda ya sauka a tsibirin ya tarar da ƙattin samudawa ya gama da su. Ɗaruruwan shekaru Ingilishi suna karanta wannan a matsayin tarihi.

Rumawa kuwa har ranar haihuwar birninsu sun sani: 21 ga Afrilu, shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tagwaye aka jefar a kogin Taiba, kyarkeciya ta tsince su ta shayar da su. Da suka girma, Romulus ya fara gina ganuwa, Remus ya tsallake ta don raini, ɗan'uwansa ya kashe shi nan take. Da garin ya rasa mata, sai suka gayyaci maƙwabta biki suka sace musu 'yan mata. Kisan ɗan'uwa da satar amare, shi ne tushen daular da kuke yi mana lacca da dokokinta. Kuma har yau kyarkeciyar da tagwayenta suna nan a ƙirjin rigar ƙungiyar ƙwallon Roma, ban ga ka tsaya ka tambaye su hujja ba.

Na san abin da za ka ce: Turai ta tsufa, yanzu Asiya ce ke jan zaren kimiyya. Madalla. A littafin Kojiki na Japan, wanda aka kammala a shekarar 712, an kawo labarin Susano, baƙon da ya iso yankin Izumo ya tarar da tsoho da tsohuwa suna kuka. Wani maciji mai kai takwas da wutsiya takwas ya cinye musu 'ya'ya mata bakwai, ɗaya duk shekara, ga ta takwas ana jiran ranarta. Susano ya sa aka cika randuna takwas da giyar shinkafa, kowane kai ya tsoma baki a randarsa, maciji ya yi tatul ya ɓingire, gogan ya daddatsa shi, ya ciro takobi a wutsiyarsa, ya auri yarinyar. A shekarar 2019, ranar da Sarki Naruhito ya hau gadon sarauta, an gabatar masa da takobin da ke wakiltar wancan, a lulluɓe cikin akwati, firaminista na tsaye ya nutsu. Mutanen da suka ƙera motar da kake taƙama da ita ke nan. Kai kuwa an ce maka a fadar Daura akwai takobin da ake dangantawa da Bayajidda, ka ce sai an kai shi ɗakin gwaji.

Wayar Samsung da ke hannunka fa? Masu ita, mutanen Koriya ta Kudu, suna hutun ƙasa duk ranar 3 ga Oktoba don tunawa da Dangun, wanda suka ce ya kafa daularsu ta farko a shekara ta 2333 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Uwarsa dabba ce, beyar. Ita da damisa suka roƙi a mai da su mutane, aka ba su tafarnuwa da wani ganye mai ɗaci dangin tazargade, aka ce su shiga kogo kada su ga rana har kwana ɗari. Damisa ta ga ba za ta iya ba ta fice, beyar ta daure ta zama mace, ta haifi Dangun. Koriya ta Arewa, wadda ba ta ga-maciji da ta Kudu a kusan komai, a kan wannan ba ta yarda a bar ta a baya ba: a 1993 ta ba da sanarwar cewa ta gano kabarinsa.

Mu dawo kusa da gida. A littafin Tarikh al-Sudan da Abdurrahman al-Sa'di ya rubuta wajen 1655, an ce wani baƙo daga Yaman ya iso Kukiya a bakin kogin Kwara, ya tarar da mutane suna bauta wa wani kifi mai zobe a hanci da ke fitowa yana ba su umarni. Ya soke shi da mashi, suka naɗa shi sarki, daga gare shi sarakunan Songhai na farko suka fito. Barebari sun ce sarakunansu zuriyar Saifu ɗan Zi Yazan ne na Yaman. Yarabawa suna da riwaya biyu: a ɗaya Oduduwa ya sauko daga sama ta kan sarƙa, a ɗaya kuma daga Makka ya taso. Mutanen Wagadu, tsohuwar daular Gana, su nasu macijin, Bida, shi ke kawo ruwan sama da zinariya, ana ba shi budurwa duk shekara. Ranar da wani saurayi ya sare shi don ceton wadda zai aura, fari ya sauka, zinariya ta ƙaura, daula ta watse. Ka ga ba kowane kisan maciji ke kai mutum ɗakin sarauniya ba.

Yanzu zauna mu yi maganar manya. In ka ji gangami, da labari. Labarin da ya ɓulla a Girka, ya ɓulla a Japan, ya ɓulla a Daura, ba a kore shi da taɓe baki. Irin waɗannan labarai ba rahoton ɗan jarida ba ne, sun fi kama da takardar gona: aikinsu su faɗi wa ke da iko da wuri, ta ina ya same shi, wa ke ɗan gida, wa ke bare. Gari ba ya zaunuwa sai da ruwa, don haka wanda ya buɗe wa jama'a hanyar ruwa ya sami hujjar mulki da ba a musu. Baƙo kuma yana da amfani ga gidan sarauta, domin ba ɗan unguwar kowa ba ne, babu mai cewa ya san kakansa yana tallan gawayi. Shi ya sa bayan Musulunci ya kafu, gidajen sarauta da dama a ƙasashen nan suka ɗaura igiyar asalinsu a Bagadaza ko Yaman ko Makka, daidai da yadda Rumawa da Ingilishi suka ɗaura tasu a Taroyi.

Da kai mai shakka ne na gaske, ba na ado ba, da tambayoyin da za ka yi sun fi na tsawon maciji. Ka duba labarin da kyau. Kafin baƙon ya iso, akwai maƙera a Gaya da suka ƙera masa wuƙa. Akwai gari a Daura, da rijiyar Kusugu, da tsohuwa Ayana mai saukar baƙi, da fada, da Galadima da Ƙaura. Ashe labarin da bakinsa yake shaida maka cewa Hausawa suna nan daram kafin Bayajidda, abin da ya zo da shi sabon gidan sarauta ne. Hajiya, ke ma matso, akwai rabonki a nan: kafin zuwansa mata ke mulkin Daura, magajiya bayan magajiya har zuwa Daurama, bayansa kuma sarauta ta koma hannun maza. Macijin da ake ta surutu a kansa ƙila shi ne ƙaramin abin da aka rasa a daren nan.

Ka kuma tambaya, wa ke ba da labarin, me ya samu? A bakin Daura, ita ce uwa, sauran 'ya'ya da jikoki. An raba aiki: Kano da Rano su ne sarakunan baba, Katsina da Daura na kasuwa, Gobir na yaƙi, Zazzau na bayi. Su Kabi da Zamfara da Nupe da Kwararrafa an tura su ɗakin ƙwarƙwara an kira su Banza Bakwai, alhali babu wanda ya je ya tambayi Kanta na Kabi ko ya yarda da wannan rabo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya kawo wata riwaya da ta ce Bawo, wanda a Daura ake ce wa ɗan Bayajidda, bawan Sarkin Barno ne. Mutum ɗaya, a wani baki jikan sarkin Bagadaza, a wani baki bawa. Wannan saɓanin shi ne abincin masanin tarihi. Wasu masana ma suna ganin inuwar Abu Yazid a cikin labarin, wani ɗan ƙabilar Berber ta Arewacin Afirka da ya yi wa Faɗimiyyawa tawaye aka kashe shi a 947. Ko sun dace ko ba su dace ba, sun dai yi bincike, ba su tsaya ga dariya ba. Taroyi ma an daɗe ana ce mata ƙirƙirar mawaƙa, sai da wani Bajamushe, Shiliman, ya sa diga a wani tudu a Turkiyya a shekarun 1870 ya tarar da birane a kan birane.

Ustaz, na ga ka ɗaga yatsa, za ka ce duk tarkacen jahiliyya ne. Allah ya gafarta Malam, babu wanda ya ce ka yi imani da kifi mai zobe. Amma al-Sa'di malami ne, limami, haka Muhammadu Bello ba a gaya masa tauhidi, duk da haka suka rubuta abin da suka ji don na baya su sani. Kai kuma da ke can gefe kana murna na rama maka, kana shirin cewa ai dama mu Larabawan Bagadaza ne, sauke rawanin. Wanda ya haɗiye labarin ɗungurungum da wanda ya tofar da shi ɗungurungum, duk ba su tauna ba.

Kada kuma ka ce ƙera gwarzo sana'ar mutanen da ce. Amurkawa sun daɗe suna koya wa yaransu cewa Joj Washintan yana ƙarami ya sari bishiyar babansa da gatari, da aka tambaye shi ya ce shi ba ya iya ƙarya. Wani marubuci mai suna Wims ne ya ƙaga labarin ya saka a littafinsa a 1806, bayan mutuwar shugaban. An yi ƙarya don a koya wa yara gaskiya, kuma ta ci kasuwa.

Saura kai, Yallaɓai. Gaya mana asalin gidanku. Na san amsar tun kafin ka buɗe baki: kakanku daga gabas ya zo, ko babban malami ne da ya tsaya hutawa a hanyar Makka, ko ɗan sarki ne da aka yi wa ƙwacen sarauta ya yi fushi ya bar gari. Haka na maƙwabcinka, haka na abokin aikinka, haka nawa. Duk faɗin ƙasar Hausa har yau ba a sami gidan da ya ce kakansu gudun bashi ne ya kawo shi ba.