Ranar da Katafila Ta Yi Yaji a Mambila

Duk direban da ya bi hanyar Serti zuwa Gembu ya san daga Mayo Selbe mota ke fara nishi. Amma wani direban buldoza da aka ɗauko daga Jalingo, shi a kan tirela katafilarsa ta hau dutsen, don haka bai ji nishin kowa ba. Aka sauke masa ita kusa da Nguroje, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,500, ya kwana yana cika baki.

Da asuba, hazo ya rufe ko'ina, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya feso farin hayaƙi, ya yi tsit. Ya sake, haka. Ya sake, har batir ya fara jan ƙafa.

"Maigida, ko a tura ta?" in ji yaronsa.

Ya dubi yaron, ya dubi ƙarfe mai nauyin tan 20. "Fara, ina zuwa."

Katafila dai ba ta da laifi. Injin dizal ba shi da fulogi. Fistan ne ke matse iska har zafinta ya wuce digiri 500, a fesa mai, ya kama da kansa. To a tudun Mambila iskar da inji ke shaƙa ta gaza ta bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma ɗan zafin da ta tara, sanyayyen ƙarfen silinda ya shanye shi. Farin hayaƙin nan mai ne da bai ƙone ba. Tabo kuwa, da ake tinƙaho da shi wajen hawan dutse, hayaƙi ke juya shi, sai inji ya tashi yake da bakin magana. Ga baƙin mai ya yi kauri, ga sanyi ya kashe wa batir jiki.

Nan fa masu shawara suka taru. Wani ya ce a hura gawayi ƙarƙashin injin, daidai inda mai ke ɗiga. Wani ya ce iskokan dutse ne, a nemo malam. Aka sasanta a kan ruwan zafi, aka saye tukunyar mai shayi kacokan, alhali a can sama ruwa tun wajen digiri 95 yake tafasa, kuma kafin a ƙaraso da shi ya zama na alwala.

Sai ga wani tsohon bakanike. "Ɗana, ka jira hita kuwa?"

Direban bai taɓa jiran hita ta ɗumama inji ba. A zafin Jalingo wa ke da wannan lokacin? Aka haɗo batir daga tirela, aka bar hita ta gasa, rana ma ta riga ta take. Katafila ta ɗauka da ruri.

Mai gawayi ya ce da an bi tasa da tuni an gama. Mai shayi bai shiga gardamar ba, ya dai kawo lissafi, har da madarar da ya ce ya yi asarar sayarwa.