Zuwa ga Janar ɗin Gwaram, Gwanin Mutuwa da Wuri

Janar, ranka ya daɗe, duk da dai a fagen da zan yi magana a kai ranka bai taɓa daɗewa ba. Ya mutanen Gwaram, Tsohuwa da Sabuwa? Ya iyali? Ya kuma babban yatsan nan naka da aka ƙera ba birki? Na kawo maganar nan gaban jama'a ne saboda na gwada raɗa maka ita a kunne, ta shiga ta dama ta fita ta hagu. Kai taubashina ne, ba ka da ikon yin fushi. In ma ka yi, alƙalin da zai saurari ƙararka ba a haife shi ba tukuna.

Tun da Call of Duty: Mobile ya fito a watan Oktoba na 2019 ya mamaye wayoyin samari, na ga 'yan wasa kala-kala. Akwai matsoraci mai laɓewa bayan akwati har a tashi. Akwai marowaci mai kwashe harsashi da sulke ya bar 'yan'uwa hannu rabbana. Kai kuwa Allah Ya yi ka daban. Da an ce an fara, kafin mu sauran mu gyara zama, sai ga sunanka a gefen allo cikin jerin mamata, sai ga muryarka ta biyo baya: "Wallahi sabis ne!" Sabis ɗin nan dai shi ne kake kallon bidiyon barkwanci da shi har tsakar dare, bai taɓa yi maka gardama ba. Sai an zo wajen harbi yake tuna cewa a Gwaram kake. Laifi tudu ne, Janar, kai ka taka naka har ka kafa rumfa a kai.

Kada ka ce na zalunce ka. Ka iya harbi, hannunka na da saiti, nan kam na sara maka. Ciwonka ɗaya ne: ka ɗauka filin wasan nan fegi ne aka share, aka watsa gidaje da motoci don ado. To zauna in karantar da kai, kyauta, tunda kuɗin sharar bana ma har yau ban gan shi ba balle in sa ran kuɗin makaranta.

A irin wannan wasa da idon sojan kake gani. Bakin bindiga ne a gabanka, abin da ke bayanka kuwa sai dai a ba ka labari. Masu zana filin sun san haka sarai, kuma a kan wannan makantar ta ƙeya suka ɗora sana'arsu. Yawancin ƙananan filayen da mutum 5 ke karawa da mutum 5, hanya 3 ake tsaga musu: ta dama, ta hagu, ta tsakiya, sannan a huda 'yan lunguna masu haɗa su. Duk wani wuri mai daɗin tsayawa, taga ce a bene ko tudu, sai an yi masa mashiga fiye da ɗaya. Da gangan ne. Ana so in ka kalli wannan ƙofa, waccan ta zama aikin ɗan'uwanka. Dubi Nuketown, filin da kake so kamar ranka, wanda ya fara fitowa a Black Ops a 2010: gida biyu suna kallon juna, kowanne da tagarsa a sama, ga bas da babbar mota an girke a tsakiya don su raba ido. Wanda ya hau tagar yana ganin titi, amma ba ya ganin mai hawo masa matakala ta baya. Kai kuma fa? Kai ba taga, ba matakala. Tsakiyar titin kake shiga a guje kana tsalle, inda tagogin biyu suka haɗu a kanka, sannan ka yi mamakin yadda aka yi aka gan ka.

Ka tuna gidan kakanmu na nan Birnin Kudu, inda kake zuwa hutu ka cinye mana tuwo? Ka shiga zaure daga waje, ƙofar da za ta kai ka ciki ba ta kallon ta titi. Sai ka karkata, ka ratsa shigifa, ka sake karkata, kafin ka ga tsakar gida. Maginin da ya yi wannan bai taɓa riƙe waya ba, amma ya san wanda ya riga ganin wani shi ke da rinjaye, sai ya karya wa ido hanya. Aikin da mai zana filin Crash ya yi ke nan da ya kifar da jirgi mai saukar ungulu a tsakiya, ya kewaye shi da gine-gine, ya tsayar da dogon bene a gefe. Kowace kwana tambaya ce: wa ke bayanta? Mai hankali kan leƙa, ko ya jefa gurneti, ko ya jira ɗan'uwa ya tsare masa gefe. Kai tun kana yaro ba ka sallama a zaure, faɗowa kawai kake yi, har Inna ta gaji da yi maka faɗa. Ashe hali ne za ka tafi da shi har cikin waya.

Amma babban zunubinka, wanda ya sa malamin makarantar nan na tawagarmu ya kusa jifa da wayarsa a kwata, a wasan kama tutoci kake aikata shi. Tuta 3 ce, A da B da C: ɗaya a gidanmu, ɗaya a gidansu, ɗaya a tsakiya. Maki na taruwa ne gwargwadon tutocin da kuke riƙe da su. In mun riƙe 2 suna da 1, to mu zauna mu tsare, lokaci na yi mana aiki. Lissafin bai fi haka ba. A garinmu Aliko Ɗangote ya gama Kwalejin Gwamnati, ka ga inda lissafi ya kai shi. Kai kuma biyu cikin uku ta gagare ka. Sai ka zare, ka bar mu, ka tafi gidan mutane wai za ka kama ta ukun. Abin da ba ka sani ba, ko ka sani ka yi kunnen uwar shegu, shi ne wasan in zai dawo da wanda aka kashe, wurin da babu abokan gaba yake nema masa. Da ka je ka tsaya a gidansu, ka ɓata musu masauki, sai wasan ya duba ya ga ina ne babu kowa? Gidanmu, wanda ka baro. Sai mu da muke fuskantar gaba mu ji ruwan harsashi ta ƙeya. Mu mutu mu huɗu, kai kana can kana rawa a kan tuta kana cewa, "Kun ga aiki?" Mun gani, Janar. Daga lahira muka kalla.

Wannan tsari na zana fili ba jiya aka fara shi ba, kada ka ce don kai aka ƙirƙiro, ko da yake da sun san ka da sun ƙara wa katanga tsawo. A Counter-Strike akwai fili mai suna Dust II, wanda wani yaro ɗan Ingila, David Johnston, ya zana ya fito a 2001, lokacin bai cika shekara 20 ba, kuma har yau ana buga shi. Wurin dasa bam 2 ne, masu tsaro mutum 5. Doguwar hanya ta nufi A, ramuka masu duhu sun nufi B, tsakiya kuma akwai wata ƙofa mai ganye biyu da aka bari a ɗan buɗe. Shekara da shekaru, ta wannan 'yar tsagar mai bindigar nesa ke hango masu tsaro suna tsallakawa zuwa B. Ko bai samu kowa ba, in ya ƙirga ya ce "biyu sun wuce", ya gama ciyar da tawagarsa, domin yanzu sun san nawa suka rage a ɗaya ɓangaren. Masu tsaron su ma sai suka koyi jefa hayaƙi kafin su tsallaka. Tsaga ɗaya a ƙofa ta haifar da dabara da maganin dabara. Da kai ne ke riƙe da bindigar nan, na san abin da za mu ji: shiru, sai ƙara, sai "sabis ne".

Can baya kuma akwai Doom na kamfanin id Software, wanda ya fito a Disamban 1993 ya ba mutum 4 damar haɗa kwamfutoci su yaƙi dodanni tare. A can harsashin abokinka yana cin ka. Kullum na tuna wannan sai in gode wa Allah da bai haɗa ni da kai a wancan zamani ba.

Wasan da nake roƙon a ɗaure ka a kujera a sa ka buga shi ne Left 4 Dead, na kamfanin Valve, na 2008. Mutum 4 ne ke ratsa gari cike da gawarwaki masu tafiya, daga ɗakin tsira zuwa ɗakin tsira. Masu ƙera wasan sun zauna sun yi nazarin irinka, suka yi maka dodanni na musamman. Akwai Hunter, mai dirowa ya danne mutum. Akwai Smoker, mai jefo dogon harshe daga nesa ya naɗe ka ya ja. Duk wanda ɗayansu ya kama, ba ya iya ƙwatar kansa komai iya harbinsa, sai wani ya zo ya cece shi. Suka kuma sa wani tsari a ciki da suke kira Darakta, mai lura da halin da 'yan wasa ke ciki: in ya ga sun jigata ya sassauta, in ya ga sun miƙe ƙafa ya turo musu gayya. Hatta fitilu da hasken mota an jera su ne don su ja ido zuwa hanyar da ake so a bi, ba tare da an rubuta "bi nan" ba. Wato har wanda ba ya jin magana an tanadar masa jagora. Kai na tabbata da ka ga haske a dama, hagu za ka yi, don kada a ce wani ya gaya maka.

Mu dawo wayarmu. A babban filin nan da ake zubo mutum 100 daga jirgi, kowace tawaga mutum 4, an ba kowa zaɓin sana'a: ga mai jinya, ga mai leƙen asiri, ga mai kafa garkuwa. Kai kullum Ninja, saboda igiyar nan mai ƙugiya da ke cilla mutum kan rufi. Ba don ka hango mana abokan gaba ba, a'a, don dai ka riga mu isa inda za a kashe ka. In ka mutu kuma sai an je an ɗauko 'yar alamar wuyanka kafin jirgi ya sake sauko da kai. Wa ke zuwa? Ni. Ina rarrafe cikin ciyawa, da'ira na matsowa, mutanen da suka kashe ka na zaune a kan akwatinka suna jiran wawan da zai zo. Ba komai, mun saba. Ko a zahiri in jiki ya matsa wa mutumin Gwaram, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ake kawo shi. Jinyarku a wuyanmu take, a waya da wajen waya. Abin da ke ci mini rai kawai, ko sannu babu. Kana sauka sai ka ce, "Wa ya kwashe mini bindigata?"

Sai maganar baki. Mu jikokin masu magana daga nesa ne. Je ka Dutsen Habude da Dutsen Mesa ka ga zanen shanun da mutanen dauri suka bari a jikin dutse, ka ga duwatsun kiɗa masu amo in an ƙwanƙwasa, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Zane da sanarwa gadonmu ne. Shi ya sa in na ga mutum nakan ce, "Biyu a bene, ɗaya ya bi hagu, na ji wa ɗaya rauni." Kai kuma sanarwarka ita ce, "Ga shi nan! Ga shi nan!" Ina ne nan, Janar? Filin gaba ɗaya nan ne. Ran da ka shiga wasa daga tasha a Sara ka bar makirufo a buɗe, mun ji 'yan kamasho na kiran fasinja, mun ji cinikin rake daga tayi har sallamawa, mun ji wani yana ba ka labarin farashin taki. Takun abokan gaba ne kaɗai ba mu ji ba.

Duk da haka ba za mu kore ka ba, kwantar da hankalinka. Yaron mai shayi ya kawo shawarar a maye gurbinka da ƙaninsa, na ce a'a. Na farko, in babu kai wa za mu ɗora wa laifi? Na biyu, na gano kana da amfani: duk inda ka faɗi, mun san akwai mutane a wurin. Ba kowace tawaga ke da ɗan leƙen asirin da ke aiki da gawarsa ba.

Saboda haka ga tsarin daren Asabar, bayan sallar isha'i. Ka kai wayarka caji tun la'asar, kada ka zo mana da kashi 9 cikin 100 kana salati. Ka ari abin kunne mai aiki ta ɓangare biyu. In Crash aka ba mu, hanyar hagu taka ce, ka tsaya a kwanar ka kalli gabanka har sai na kira ka da sunanka na yanka. In babban fili ne, mai jinya za ka ɗauka, ka ɗanɗana abin da nake sha. Ka kuskura na ga igiyar Ninja a hannunka, wallahi Gwaram zan zo da kaina in zauna gaban amarya, in karanta mata dalla-dalla nawa ka kashe wajen saya wa bindiga fenti a watan da ka ce mata babu kuɗin anko.