Zuwa ga Uwargida Ebola: Takardar Neman Biyan Bashi

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ita, wato daga nesa kuma ba musafaha, mai wannan takarda yana neman afuwa don bai ce ranta ya daɗe ba. Dalilin rubutun shi ne asibitocin duniya suna bin Uwargida bashi, kuma yawancin masu bin bashin ko ƙeyarta ba su taɓa gani ba.

A fara da Amurka. A 2014 mutum 11 kacal aka yi jinyarsu a can, biyu suka rasu. Amma da ɗayansu, Thomas Eric Duncan, ya mutu a Dallas a watan Oktoba, ma'aikatan jinya biyu kuma suka kamu daga wajensa, sai hankalin kowa ya tashi. Kafin shekara ta ƙare majalisar dokoki ta ware dala biliyan 5.4 don aikin gida da na Yammacin Afirka. Aka keɓe asibitoci 55 domin tarbar Uwargida, kowanne ya kashe wajen dala miliyan ɗaya a kan gyaran ɗakuna, horo da kaya. An share, an shimfiɗa, mafi yawansu Uwargida ko leƙe ba ta yi musu ba.

Ita kanta rigar da ake tarbarta da ita abin lissafi ce. Daga kai zuwa ƙafa take, ga safar hannu biyu-biyu, ga tabarau da ke yin hazo. A zafin Laberiya, mai jinya da ƙyar yake yin awa guda a ciki. In ya tuɓe takalmin roba, gumi yake tsiyayewa. Sai an tsayar masa da wani yana kallon yadda yake tuɓewa, don a nan ne aka fi kamuwa. Daga nan a ƙona rigar. Wadda ba a saka ba ma ba ta tsira, wa'adinta yana cika a cikin kwali.

Inda Uwargida ta yi ɓarnarta, a Gini da Laberiya da Saliyo, rayuka sama da 11,000 ta ɗauka. Laberiya mai mutum miliyan huɗu ta tarbe ta da likitoci wajen 50. Can ba a kashe kuɗin shiri ba, sai aka biya da mutane.

Legas kuwa darasinta daban. Patrick Sawyer ya sauka ɗauke da Uwargida ranar 20 ga Yuli 2014, Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi barin asibiti, abin da ya ci ranta. Masu bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da shi ba daga sama suka faɗo ba: tsarin yaƙi da shan-inna ne, wanda aka daɗe ana ciyar da shi, aka juya shi kan Uwargida. An bibiyi mutum kusan 900 gida-gida, aka tsaya a kan mutum 20 da suka kamu, takwas suka rasu. Ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an rabu. A ganin mai rubutu, wannan ne kuɗin da ya fi yin albarka, ga shi kuma ba da sunan Uwargida aka kashe shi ba. (Gishirin da jama'a suka yi ta wanka da shi a watan Agusta, bisa jita-jitar waya, ba ya cikin wannan lissafi. Wautar gida ce.)

Saura rigakafin Ervebo da aka amince da shi a 2019. Yana aiki, amma sai an adana shi a sanyin da ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri, wato firiza ta musamman da janareta da man da za su sha. Ana cikin wannan hidima sai ga ƙanwar Uwargida, nau'in Sudan, ta ɓulla a Uganda a 2022, ita kuma allurar ba don ita aka yi ta ba. Ana roƙon Uwargida ta aiko da adireshin ƙanwar, don ita ma tata takardar tana nan a rubuce.