Wa Ke Kallon Wa a Busua?

Busua ƙauyen masunta ne a gaɓar tekun Ghana ta yamma, kimanin kilomita 30 daga Takoradi. Ka hau trotro, ka canza mota a Agona Nkwanta, kafin goron bakinka ya salance ka iso. Abin da ke garin bai taka kara ya karya ba: rairayi mai tsawo, itatuwan kwakwa, kwale-kwale masu fenti kala-kala, da ɗan tsibirin Abokwa can cikin ruwa. Amma mutum zai taso daga Jamus, ya biya kuɗin jirgi, don wannan. Mu ma 'yan zangon Takoradi da Kumasi ba a bar mu a baya ba, ranar yawon Sallah mota guda muke cikawa.

Bature dai da ya iso sai ya tuɓe, ya shafe jikinsa da mai, ya miƙe a tsakiyar ranar da ɗan gari ya ƙare rayuwarsa yana guje mata. In ya gasu ta gaba, ya juya baya. Da yamma ya ɗauki wani faffaɗan allo, ya biya wani saurayi kuɗi don ya koya masa tsayuwa a kan igiyar ruwa. Abin da yake koyo a zahiri faɗuwa ce, kuma yana ƙwarewa. In ya ga masunta suna jan taru daga bakin gaɓa, sai ya ruga ya kama igiya, ya ja sau uku, matarsa ta ɗauki hoto, ya sake musu kayansu. Su da za su kai awa suna ja, ko uffan.

To, kada mu cika dariya, namu ya fi. Alhaji yakan sauko cikin shadda mai sitaci da takalmi sau-ciki, Hajiya na biye da kuloli har huɗu, sai ka ce an sanar da fari a bakin teku. Zai ja ya tsaya nesa da ruwa, inda ko feshi ba ya kaiwa, ya fara aikin da ya kawo shi, wato hana yara.

"Kai, dawo nan! Ruwa ba sa'an kwando ba ne!"

Daga nan ya juya wa teku ƙeya, ya ɗaga waya. "Yaya, ka ga inda muke kuwa? Wallahi ba ta da ƙarshe!" Yayan da ke Kumasi ya fi shi ganin tekun, don shi Alhaji fuskarsa kawai yake dubawa a gilashin waya. Kuma mutumin da ya biya kuɗin ɗakin otal bai ce ƙala ba, shi ne zai tsaya ciniki da tsohuwa mai soyayyen kifi a kan sidi biyu har mai ya huce.

Inda abin ke ba ni haushi da dariya a haɗe shi ne Dixcove, 'yar tafiyar ƙafa yamma da Busua. A can akwai sansanin Metal Cross, wanda Turawan Ingila suka gina a ƙarshen ƙarni na 17, suka miƙa wa Holan a 1868, suka sake karɓe shi a 1872. Yana cikin gine-ginen gaɓar Ghana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. An yi cinikin zinariya da katako a wurin, an kuma tsare bayi. Mai yi wa baƙi bayani zai tsaya ya kwantar da murya yana ba da wannan labari, ya ƙare, ya ce ko akwai mai tambaya. Akwai. "Malam, ta ina haske ya fi kyau?" Kafin ya amsa, an haye kan tsohuwar igwa ana ɗaga yatsu biyu. A nan kam Bature da Alhaji uwarsu ɗaya.

Gabas da Busua kuma akwai Butre, inda Holan suka gina sansanin Batenstein a kan tudu a 1656. Alhaji yakan dubi tudun, ya dubi takalminsa, ya ce ai daga nan ma ana gani.

Kada dai ka je Busua ranar Talata kana neman ganin kamun kifi. Al'adar masuntan gaɓar nan ce ba sa shiga teku ranar. Za ka ji baƙo yana ƙorafi wai ba a sanar da shi ba, kamar ƙauyen ofis ne da aka rufe ba izini. Masuntan kuwa suna zaune a inuwa suna ɗinkin koma, sun samu yini guda cur na kallo kyauta. Ga Bature ya yi jajir, ga Alhaji yana matsawa taku-taku don hoton ƙarshe, ga wata igiyar ruwa tana tahowa ta bayansa. Duk sun hango ta. Babu wanda zai ce masa komai, don tun safe ita suke jira.