Zuwa Ga Bawana Na Zazzau, Sabon Shugaban Iyayen Yara

Malam Bazazzage, bawan gado, gaisuwa irin ta ubangida da baransa. Labari ya iso mu Kano cewa an zaɓe ka shugaban ƙungiyar iyaye da malamai a makarantar su autanka, har ka yi jawabin awa ɗaya da rabi a kan lafiyar ɗalibai. An ce ka sha babbar riga mai aska takwas, ka sauko da tabarau kan karan hanci, ka yi ta ɓarin Turanci har wata tsohuwa da ta zo a madadin ɗanta ta tambayi ta kusa da ita ko daga Ingila aka turo ka. Da ka juyo Hausa kuma sai ka ce wa jama'a "lafiya babban abu ne, makaranta ne tushenshi." Ban ga laifinka ba. A garin da mota "ne", riga "ne", uwar mutum ma "ne", wa zai tsaya gyara maka?

Na taya ka murna. Sai dai ka manta cewa wata biyu da suka wuce dare ya yi mini a Kwangila ina dawowa daga Kaduna, na kwana a gidanka. Gani kuwa ya kori ji.

Ƙarfe bakwai saura na fito alwala ta biyu, na tarar da yara uku sun jeru a ƙofar ɗakinka, kowa da jaka a baya kamar masu shirin hawan dutsen Kufena. Kai kuwa kana ciki kana sauraron labaran duniya, kana yi wa shugaban Amurka gyara. Ka miƙo hannu ta bayan labule, ka ba kowa naira ɗari biyu, ka ce a yi karatu da kyau. Ba koko, ba ƙosai, ko ɗumamen tuwon jiya ba a ɗora ba. Na tambayi uwargida, ta sunkuyar da kai ta ce ai Malam ya ce hura wuta da safe yana sa yara makara. Na bi bayansu a hankali don in ga inda ɗari biyun nan za ta kwana. A bakin makaranta ta kwana, wajen mai tire: alawa mai rina harshe, cingam, da wani jan ruwa a leda wanda ko mai sayar da shi ba zai rantse da abin da ke ciki ba. Da wannan autanka zai zauna tun daga taron safe har azahar, a ce ya riƙe jadawalin sau bakwai.

Da daddare kuwa kai ne ka ce mini yaron ba ya ja, malaminsu ya ce barci yake yi a aji, kana neman wanda zai riƙa yi masa lesin da yamma. Har ka rage murya ka ce ko dai sammu ne daga dangin uwa. Malam, sammun nan a madafarka aka binne shi. Yaron da ya ci tuwo ƙarfe takwas na dare, in bai karya ba har ƙarfe goma na safe, cikinsa ya yi awa goma sha huɗu ba a jefa masa komai ba. Babban mutum ma a haka hamma yake yi, balle ɗan shekara bakwai da ake so ya tsaya a rana ya yi taken ƙasa. Sukarin alawa yakan ɗaga shi na ɗan lokaci, sannan ya yar da shi ƙasa da inda ya same shi, ya bar masa ramin haƙori a matsayin tukwici. Tun kafin a kafa jami'arku a 1962 kakanninmu suka gama wannan binciken, suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ya fi ba ni dariya, ku ne masu Samaru. A can masana suke ƙone gashin kansu suna fitar da sababbin irin wake, har sunan Samaru suka laƙa musu, SAMPEA kaza da kaza. Ku yi binciken, mu Kanawa mu auna shi a Dawanau, matanmu su mai da shi ƙosai da alale da ɗanwake, 'ya'yanmu su tafi makaranta ciki ya ɗauka. Ku kuwa a bar ku da takardar sakamako. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Na san abin da za ka ce, domin na san ka tun muna 'yan makarantar kwana kana ɓoye garin kwaki a ƙarƙashin katifa. Za ka ce tsada, za ka ce tun da aka janye tallafin mai a 2023 kwanon gero ya fi ƙarfin malamin makaranta. Ban musa ba, mu ma nan muna ji a jika. Amma ɗari shidan da kake miƙowa ta bayan labule kuɗi ne, in aka damƙa wa uwargida tun daren jiya za ta san yadda za ta yi da gasara da ɗan ƙuli. Zogalen da ke bayan ɗakinka har ya fi katanga tsawo, akuyar maƙwabta ce kawai ke morarsa. Kuma a daren da na kwana, da idona na ga ƙunshin tsiren da ka shigo da shi a ƙarƙashin riga bayan yara sun yi barci. Ka sam mini tsinke biyu, na gode, amma cin hancin bai kai ya rufe mini baki ba.

Ku Zage-zagi ai kun taɓa nuna wa duniya matsayin abinci a wajen ɗalibi. A Janairun 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare a jihar Kaduna, naira hamsin kowane yaro. Azuzuwa suka cika maƙil, yaran da ba a taɓa gani ba suka ɓullo kowa da kwanonsa. Sai jaridu suka fara kawo labarin cewa a wasu makarantun, da an gama rabo an suɗe kwano, sai aji ya koma kamar an yi shara. Mun yi dariya a Kano har da riƙe ciki, muka ce ga birnin ilimi, ashe ilimin a cikin kula yake. Amma da na natsu sai na ga yaran nan sun fi iyayensu gaskiya. Sun faɗi abin da ke damunsu da ƙafafunsu. Gwamnatin tarayya ma ta biyo da nata shirin na naira saba'in, daga aji ɗaya zuwa uku, yau a yi gobe a tsaya. Wanda ya jingina cikin ɗansa da kasafin kuɗin gwamnati, to ya koya wa yaron azumin tsofaffi tun da wuri.

Mu bar ciki, mu koma kan babban ɗanka, wanda ka nuna mini da alfahari ka ce ya zama namiji. Da na tambayi dalili sai ka raɗa mini cewa ya fara fitsarin jini, wai haka kai ma ka yi a shekarunsa. Subhanallahi! Mutumin da gidansa bai fi tafiyar ɗan acaɓa ba zuwa asibitin koyarwa na Shika. Malam, wannan ba balaga ba ce, tsargiya ce. Yaron nan duk ranar da ba makaranta a Kubanni yake wuni, in an kore su su gangara Galma. A irin ruwan nan akwai ƙananan dodon koɗi da ke goyon wata tsutsa wadda ido ba ya gani. Ba sai yaro ya sha ruwan ba, ta fata take shiga. Ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ta yi ta zuba ƙwai, ƙwan su yi ta huda bangon mafitsarar, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. In yaron ya koma ya tsuguna a bakin ruwa, ƙwan su ƙyanƙyashe su koma cikin dodon koɗi, su jira ɗan maƙwabcinka. Haka abin yake zagayawa tun zamanin Sarauniya Amina, kuna kiransa zama namiji.

In aka bar ta, jini yake ƙarewa a hankali, yaro ya yi fari fat, ya ƙi girma, ya kasa riƙe karatu. In shekaru suka tura takan lalata mafitsara da ƙoda, har takan kai ga ciwon daji. 'Yan mata masu wanki a bakin rafi ma ba ta bar su ba, nasu ma ya fi ɓuya domin ba mai tambayarsu. Maganin kuwa ƙwaya ce, praziquantel, kyauta ake rabawa a makarantu, a tsayar da yaro jikin wani sanda mai zane a auna tsawonsa a ba shi daidai da shi. Uwargida ta gaya mini ranar da aka zo rabo ka hana naka sha, wai ka ji an ce yana sa jiri da amai. Yana sawa mana, musamman ga wanda ya sha shi ba komai a ciki! Shi ya sa ake cewa a ci abinci tukuna. Ka ga mun sake dawowa madafar nan taka da ba a hura wuta.

Haka maganin tsutsar ciki, ƙwaya ɗaya da ake taunawa sau ɗaya ko biyu a shekara. Autanka kuwa na ga takalminsa a hannu yake riƙe shi don kada ya tsufa, alhali wata tsutsar ta tafin ƙafa take shiga. Wannan tattalin ko mu da ake yi wa gorin son kuɗi ba mu kai nan ba.

Yanzu na san ka gyara zama, ka ɗauko alƙalami, za ka rama. Bari in riga ka, don laifi tudu ne. E, mu ne a 2003 muka dakatar da allurar shan inna, aka yi kusan shekara ana ja-in-ja, cutar ta samu ƙofa ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta fita daga ƙangin nau'in cutar na daji. Kuma mu ne mashaƙo ya fi yi wa ɓarna daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, yara suna mutuwa da maƙogwaro a toshe, akasarinsu waɗanda ba a kammala musu allurar jarirai ba, ta sati shida da sati goma da sati goma sha huɗu. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma ba zan yi wasa da shi ba. Na je gaisuwa gidajen da har yau ban iya tuna su ba tare da ƙirjina ya yi nauyi ba. Mun biya kuɗin makarantar nan da tsada, shi ya sa nake ba ka karatun kyauta, kamar yadda ubangida nagari yake yi wa bawansa.

To ina katin rigakafin autanka? Da na tambaya, awa guda kuka yi kuna birkita ɗaki, daga ƙarshe aka same shi cikin wani tsohon ƙamus, ka mai da shi alamar shafi, layi biyu na ƙasa ba ko ɗigon biro. 'Yarka kuma ta cika goma sha ɗaya. Allurar da ke kare mata daga dajin bakin mahaifa, wadda ake yi wa 'yan shekara tara zuwa goma sha huɗu, an fara ta a Oktoban 2023, Kano na cikin jihohin farko, ku sai a 2024 aka waiwaye ku. Ko a nan ma bayan iyayen gidanku kuka biyo. Sau ɗaya ake yi, ba a karɓar ko kwabo. Me kake jira, sai an rubuto maka da Turanci?

Ka tuna zamanin da muke firamare, kafin a shiga aji sai an jera mu an duba farce da haƙori da kai. Mai makero a aika shi gida a yi masa ƙwal, mai ƙazuwa a ware masa benci. A unguwa kuma in aka ce ga duba-gari nan, har tsofaffi rawar jiki suke, a kife tsohuwar randa, a rufe masai. Ba ni da kewar bulalar, amma ina kewar idon. Yau makarantar da kake shugabanta, na leƙa bayanta: yara ɗaruruwa, masai biyu, ɗaya ba ƙofa, ba ko buta. Daga can kai tsaye suke zuwa wajen mai awara su sa hannu. Kuɗin da kuka kashe wajen haya rumfa da kujeru da lasifika ranar jawabinka ya isa ya sayi bokiti mai famfo huɗu da sabulun zango guda. Gidan sauron da aka raba muku kuwa na gan shi, ka kewaye yabanyar tumatir da shi. Tumatir ɗin ya yi kyau ƙwarai, ba alamar zazzaɓi a jikinsa.

Watan cika-ciki ya kusa, ka san kuɗin sharata na kanka, bara ma da ƙyar ka biya. Bana na yafe maka tsabar kuɗi. Ranar da na biyo zan sauka gidanka da sassafe ba sallama. Ina so in tarar da hayaƙi a madafa, kofi uku na koko a gaban yara uku, kati a cike, babban kuma an kai shi an duba fitsarinsa. Zan duba farce, har da naka. In na samu saɓanin haka, a taronku na gaba ni zan karɓi lasifikar, kuma da Hausar Kano zan yi bayani, wadda tsohuwar nan za ta gane.

A gaida uwargida. A ce mata ubangidan mijinta ya ba ta izinin hura wuta.