Ɗaki nasa, abokai nasa, ido namu

Mu dai a unguwar nan, in aka zauna hirar 'ya'ya, ƙorafinmu biyu ne, kuma baki ɗaya ke yin su. Da hantsi uwa za ta ce, "Ni yaron nan ban gane masa ba, ya shige ɗaki ya turo ƙofa, magana ma sai an roƙa." Da magariba ita ce dai za ta ce, "Ƙafarsa ba ta zama, kullum yana majalisa, abokai sun fi mu daraja." In ya keɓe mu ce miskili ne, har wata ta kawo shawarar a nemo mai ruƙiyya. In ya fita mu ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Alhali yaron duka biyun yake buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki shekara 10 zuwa 19 a matsayin zangon da yaro ke rikiɗa ya zama babba. Murya ta fashe, ƙuraje sun feso, yarinya ta fara al'ada, jiki na canzawa fiye da yadda mai shi zai iya bi. Likitoci sun ce sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai je ya dawo, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Sun kuma ce matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, ga shi barcin ba ya zo masa da wuri kamar na ƙannensa. To ku duba ranar yaranmu: asuba, boko, islamiyya, aike, ɗiban ruwa, aikin gida. Yaushe ya zauna shi da zuciyarsa ya tambaye ta ko shi wane ne?

Iyayenmu ba su karanta wannan ba, amma sun gina shi da ƙasa. Yaro na balaga za a fitar da shi daga cikin gida a ba shi ɗaki kusa da zaure, wanda wasu ke kira shago, wasu ɗakin soro. Nan yake kwana da sa'o'insa, kowane gida ya miƙo kwano, su haɗa hannu. Yana da sirrinsa, amma duk mai shiga wurinsa sai ya wuce ta gaban maigida ya durƙusa ya gaishe shi. 'Yan mata kuma ga dandali da gaɗa a farin wata, ga zaman kitso da lalle. Ƙawance kansa ƙulla shi ake yi da kyaututtuka, da sanin manya. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda ƙawaye ke riƙe juna tun daga ƙuruciya har biki da suna. Shi ya sa har gobe ba a aure babu babban aboki da babbar ƙawa.

Akwai kuma wani tanadin. Bahaushe na kunyar ɗansa, musamman na fari, ko sunansa ba ya faɗa. Da yake an san wannan kunya na toshe hira, sai aka buɗe wasu ƙofofin: kaka mai tsokanar jikanta da "maigidana", goggo, kawu, taubashi. Abin da yarinya ba za ta iya gaya wa uwarta ba, a ɗakin kaka take sauke shi.

Yanzu fa? Ɗakin soron mun fasa masa ƙofa ta titi mun ba da haya. Filin dandali an yanka shi fuloti. Kaka na ƙauye, mu muna ɗaki biyu da falo, yara shida. Kunyar nan kuwa tana nan ba mu rage ba. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, sannu a hankali ta gaji duk waɗannan wurare. Yarinyar da kika gani ƙudundune cikin bargo da WhatsApp, ɗakinta ke nan, dandalinta ke nan, kakarta ke nan. In kin ƙwace wayar ba ki ba ta madadi ba, kin raba ta da ukun a lokaci guda.

Tsoronmu ba na banza ba ne. Mun ga gidajen da shaye-shaye ya ɗaiɗaita, har gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Mun ga daba, mun ga ƙwacen waya. Dole a sa ido. Sai dai sa ido daban, leƙen asiri daban. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane, Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga, hadisi kuma ya ce a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara 10. Muna koya musu sallama a ƙofarmu, ya kamata mu ma mu yi ta a tasu. Ko labule ne kawai tsakani, ka ce, "Salamu alaikum, in shigo?" Yaron da aka girmama a haka, shi ke fara buɗe baki.

Kuma keɓewa iri biyu ce. Wanda ya shiga ɗaki ya fito ya ci tuwonsa, ya tsokani ƙannensa, ya tafi ƙwallo, hutawa ya yi, a ƙyale shi. Wanda kuwa ya daina ci, ya yar da abokan da yake so, karatu ya ja baya, yana kuka ko yana cewa rayuwarsa ba ta da amfani, aka ɗauki makonni a haka, wannan ciwon damuwa ake tsoro. A yi addu'a, a kuma kai shi ga likita, kada a ce iskanci ne.

'Ya'ya mata mu muka fi tauyewa. Namiji ko ba komai yana da benci a bakin layi. Ita daga makaranta sai wanke-wanke, sai raino, sai girki, in ta zauna shiru a ce, "Tunanin me kike yi?" Hajiya, ki ba ta awa ɗaya da ba mai kiran sunanta. Ki bar ƙawarta ta zo, ki zuba musu abinci, ki bar musu ɗakin. In kina son jin cikinta, ku zauna tsintar shinkafa tare, hira ta fi zuwa in hannu na aiki. Abin da ta gaya miki kuma kada ya zama labarin gidan biki, don ranar da ta ji shi a bakin wata, kin rasa hira ta biyu.

Malam, kai kuma ka san sunayen abokan ɗanka da gidajensu. Ka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gidanka, ka amsa gaisuwarsu da fara'a, ka tambayi mahaifansu. Abokin nan da kake tsoro, yawanci ɗan maƙwabcinka ne, shi ma maƙwabcin naka ɗanka yake tsoro. In ku biyun kuka tsaya bayan sallar isha'i kuka yi maganar yaran, kowa ya yarda ɗan'uwansa ya tsawata wa nasa, rabin fargabar ta tafi. Ɗa na kowa ne, muna faɗa kullum. Saura mu yarda ɗan wani ya shigo gidanmu ya ci, namu ya shiga nasu, mu kuma iyaye mu san juna yadda yaran suka san juna.