Daren Da Na Yi Jinyar Kwamfuta

Kwamfutata 'yar gwanjo ce, kuma batirinta ya riga mu gidan gaskiya tun kafin ta zo hannuna. Ana ɗauke wuta take ɗauke numfashi. Shekara huɗu ina cewa gobe zan leƙa Beirut Road in sayo sabon batir, goben ba ta zo ba.

Ranar wata Laraba, saura kwana biyu mu raba sakamakon jarrabawa, na gama shigar da makin ɗalibaina kaf, ba kwafi a ko'ina. Na zo kashe ta sai ta ce tana sabunta manhajar Windows, kada in kashe. Na ce to, ranki ya daɗe. Tana tsakiyar aikin aka ɗauke wuta.

Da na tayar da janareto na kunna ta, sai ga tambarin Windows, ƙarƙashinsa wasu 'yan ɗige-ɗige suna zagaye kamar yara na wasan 'yar ɓuya. Na jira su gaji. Na yi Isha'i na dawo, suna nan. Na ci tuwo na wanke hannu, suna nan. Wurin sa kalmar sirri kuwa ko ƙyallinsa babu.

Ni mutum ne mai biyayya. An ce kada in kashe, na ga abin da kashewa ta jawo, don haka na rantse ba zan sake ba. Na aika aka sayo fetur, na bar janareto yana ruri har asuba saboda ɗige-ɗige su samu wutar zagaye. Cikin dare na tuna zamanin Windows 7, lokacin da muke danna F8 a buɗe mana ƙofar gyara. Na dinga dukan F8 kamar mai kiɗan kalangu. Ashe tun daga Windows 8 aka toshe wannan ƙofar, ni ne labari bai iso wa ba.

Da safe 'yan dubiya suka fara zuwa. Maƙwabcina ya ce zafi ne, muka sa ta gaban fanka. Wani ya ce ƙura ce, ya hure ta har ya yi tari. Surukata ta leƙo, ta daɗe tana kallon abin da ke juyawa, ta ce, "Malam, wannan ba na asibiti ba ne." Ta yi mata tofi ta fita.

Ana haka sai ga ɗan ƙanwata, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, an aiko shi karɓar turmi. Ya dubi allon, ya dube ni.

"Kawu, tun yaushe take haka?"

"Tun jiya da magariba."

"Ba ka kashe ta ba?"

Kafin in fara masa huɗuba ya ɗora yatsa a maɓallin kunnawa ya danne kamar daƙiƙa 10. Allo ya yi baƙi. Na yi salati. Ya kunna, tambari na fitowa ya sake kashe ta. A na uku na riƙe masa hannu, ya ce, "Kawu, sake ni. In ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, da kanta take gane ba ta da lafiya, ta buɗe ɗakin gyara."

Haka kuwa aka yi. Shuɗin allo ya bayyana da zaɓi iri-iri. Ya bi nan ya bi can, ta sake tashi, ya danna 4. Ya ce wannan shi ne Safe Mode: kwamfuta ta tashi da kayan dole kawai, ta bar sauran tarkace a waje, kamar mai jinyar da aka hana komai sai kunu. Abin da na kwana ina ƙona fetur a kansa, yaro ya gama kafin shayina ya huce.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. 'Yan lambobi huɗun da na saba shiga da su suka ƙi aiki, ta ce sai ainihin kalmar sirri, wadda rabona da ita tun ranar da na sayi kwamfutar. Na gwada ɗaya, ta ƙi. Nan take ta fito da 'yar manuniyar da na rubuta wa kaina don tuni. Yaron nan, da muryarsa kamar ladan, ya karanta: "Masoyiyata ta farko."

Uwargida tana bakin ƙofa da turmi a hannu. Ta ajiye shi a hankali, ta jawo kujera.

"Bismillah, Malam. Rubuta mana."

Na rubuta sunanta. Ta ƙi. Na rubuta da manyan baƙaƙe. Ta ƙi. Na haɗa da shekarar aurenmu. Ta ƙi. Fankar da muka kunna wa kwamfuta na juyo da ita kaina, gumi bai fasa ba.

"Ka yi tunani da kyau," in ji ta. "Ba sauri muke ba."

Allah Ya taimake ni idona ya faɗa kan tsohuwar kalandar da ke bango, mai hoton 'yan ƙwallo. Hannu na rawa na rubuta Pillars2008, shekarar da Kano Pillars ta fara ɗaukar kofin gasar Najeriya. Ƙofa ta buɗe. Na miƙe tsaye na ce, "Sai masu gida!" Ba wanda ya amsa.

Yaron ya cire sabuntawar da ta tsaya rabi da rabi, ya sake kunnawa, kwamfuta ta tashi garau kamar ba ita ba. Ya sa na kwafe makin ɗalibai a filashi a gabansa, ya karɓi kuɗin tsire, ya ɗauki turminsa.

A makon na sayo batir. Kalmar sirri ma na canza ta, bisa umarni, kuma wannan karon ba na bukatar manuniya. Mai sunan tana tuna mini kullum, musamman ranar da Pillars ke wasa.